Larabcin da ke Gindin Ƙubba: Nazarin Tarihi da Adon Majami'ar Martorana ta Birnin Palermo

Tsakure

Majami'ar Santa Maria dell'Ammiraglio, wadda aka fi sani da Martorana, tana tsakiyar birnin Palermo na tsibirin Sisili a ƙasar Italiya, kuma an rubuta takardar waƙafinta a shekarar 1143. A gindin ƙubbarta akwai rubutun Larabci, abin da ya sa ake yawan kafa hujja da ita a kan zaman jituwar da aka ce an yi tsakanin Musulmi da Kirista a ƙarƙashin sarakunan Normawa. Wannan maƙala ta bi tarihin ginin da tsarin adonsa domin auna wannan fahimta. An dogara ga abin da ya rage na ginin, da tarihin mutumin da ya gina shi, da bayanin matafiyin nan Ibn Jubairu wanda ya shiga majami'ar a 1184. Maƙalar ta gano cewa Larabcin da ke cikinta harshen ibadar Kiristocin Gabas ne kuma harshen fadar sarki, don haka ba ya ba da shaida a kan halin da Musulmin tsibirin suka kasance a ciki. Ta kuma nuna cewa kowane zamani ya sake wa ginin kama gwargwadon buƙatarsa, har da zamanin da muke ciki.

Fitilun Kalmomi: Palermo, Martorana, mozayik, Larabci, Normawa, Ibn Jubairu

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta shigar da gine-gine tara na Palermo da Cefalù da Monreale cikin jerin kayan tarihi na duniya, a ƙarƙashin sunan da ya haɗa Larabawa da Normawa. Martorana tana cikinsu. Bayanin da ya fi yaɗuwa a kanta shi ne cewa a nan ne al'adu uku suka haɗu suka zauna lafiya: masu zane daga Rum ta Gabas, magina masu bin salon ƙasashen Musulmi, da sarakunan Turai masu bin Fafaroma. Bayanin yana da daɗin ji, musamman a wannan lokaci da Sisili ta zama mashigar dubban baƙin haure daga Afirka, ake kuma neman wani tarihi da za a jingina da shi wajen kiran mutane su haƙura da juna.

Matsalar ita ce, daɗin labari ba ya zama hujjar ingancinsa. Mai nazarin da ya ga harafin Larabci a cikin majami'a ya yanke hukuncin cewa akwai Musulmi a wurin, ko akwai girmamawa ga Musulunci, ya haɗa abubuwa biyu da tarihi ya sha raba su, wato harshe da addini. Manufar wannan maƙala ita ce ta karanta majami'ar daga abin da ita kanta ta nuna: wa ya gina ta, me zane-zanenta suke cewa, me aka rubuta da Larabcin, kuma me ya sami ginin a hannun waɗanda suka gaje shi. Batun ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, domin tambayar ko rubutu yana da addini tambaya ce da ajami ya daɗe yana fuskanta, kamar yadda za a gani a sashe na 4.0.

2.0 Birnin da Mai Ginin

Musulmi sun shiga Sisili a 827 ƙarƙashin jagorancin Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda masu karatun fiƙihun Malikiyya suka sani a matsayin mai littafin da Sahnun ya gina Mudawwana a kansa. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, ta zama babban birnin tsibirin. Ibn Hauƙal, wanda ya ziyarce ta a 973, ya ƙiyasta masallatanta da kimanin ɗari uku. A 1072 mayaƙan Normawa, waɗanda asalinsu daga arewacin Faransa ne, suka ƙwace birnin, sa'annan suka kammala mallake tsibirin a 1091. Sun tarar da jama'a masu magana da Larabci da Girkanci, su kuwa tsiraru ne masu ibada da Latin.

Roja na Biyu, wanda marubutan Larabawa suke kira Rujar, ya sa kambin sarauta ranar Kirsimeti ta 1130. A fadarsa ne al-Idrisi ya kammala littafinsa na bayanin ƙasashe a 1154, littafin da masu tarihin Afirka ta Yamma suke komawa gare shi don labarin Gana da Gawo da Kawar da Kanem. Babban wazirin wannan sarki shi ne Jirjis ɗan Antakiya, kuma shi ne ya gina majami'ar da ake magana a kanta.

Jirjis Kirista ne na Sham, daga cikin waɗanda suke bin tsarin ibadar Rum ta Gabas alhali harshensu na yau da kullum Larabci ne. Ya yi ƙaura tare da mahaifinsa zuwa Ifriƙiya, wato Tunisiya ta yau, inda ya riƙe harkar kuɗi a ƙarƙashin sarkin Mahdiyya, Tamim ibn al-Mu'izz. Bayan rasuwar Tamim a 1108 ya tsere zuwa Sisili, ya yi ta hawa har ya kai muƙamin amirul umara'i. Daga kalmar amir ne harsunan Turai suka samo sunan da suke kiran babban hafsan jiragen ruwa, kuma ita ce ta zama Ammiraglio a sunan majami'ar. Jeremy Johns, a littafinsa na 2002 a kan diwanin sarakunan Sisili, ya nuna cewa Jirjis yana da babban hannu wajen sake tsara ofishin rubuce-rubucen fada bisa tsarin Faɗimiyyawan Masar.

Wannan mutum mayaƙi ne kuma. Shi ya ci Tarabulus ta Libiya a 1146, ya ci Mahdiyya, garin tsohon ubangidansa, a 1148. A 1147 jiragensa sun kai hari garuruwan Girka, suka kwaso masaƙan siliki daga Tibis da Korinti zuwa Palermo. Ke nan a shekarun da ake ƙawata majami'arsa da aikin masu zanen Rum ta Gabas da kuma harafin Larabci, a shekarun ne yake yaƙar Rumawa da Musulmin Ifriƙiya gaba ɗaya. Ɗaukar fasahar mutane bai hana a ɗauki makami a kansu ba. Duk karatun da za a yi wa ginin dole ya fara daga nan.

3.0 Tsarin Gini da Adon Mozayik

Ainihin majami'ar ƙarama ce. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai huɗu a tsakiya suna ɗauke da ƙubba, rufin kuwa ya fito da siffar gicciye mai hannuwa daidai wa daida. A bangon gabas akwai lunguna uku masu kama da mihirabi. Wannan shi ne tsarin da majami'un Rum ta Gabas suka saba bi. Sai dai hannun maginan ƙasar ya bayyana a wurare da dama: bakan da ke tsakanin ginshiƙai masu tsini ne a sama, lungunan da ke mayar da kusurwa huɗu zuwa takwas a ƙarƙashin ƙubba an yi su hawa-hawa kamar na gine-ginen Arewacin Afirka, akwai kuma ƙyauren katako mai sassaƙa irin ta Masar ta zamanin Faɗimiyyawa. A saman bangon waje an zagaya da rubutun sadaukarwa. Ɗora rubutu a wannan wuri ɗabi'ar gine-ginen Musulmi ce, amma harshen rubutun Girkanci ne.

Daga tsakiyar bango zuwa sama an lulluɓe ko'ina da mozayik, wato zanen da ake yi ta hanyar jera ƙananan gutsattsarin gilas da dutse a kan ɗanyen shafe. Gilasan bayan zanen suna ɗauke da ganyen zinariya a cikinsu, kuma ba a jera su sumul ba, don haka kowane gutsure yana karɓar haske ta fuskarsa. Sakamakon haka shi ne bangon yana canza launi yayin da mai kallo yake tafiya, ko harshen fitila yake rawa. Hoton kyamara ba ya iya kama wannan, shi ya sa mai nazarin da ya tsaya ga hoto yakan ɗauka zinariyar ado ce kawai, alhali ita ce hasken da zanen yake rayuwa a cikinsa.

An jera zanen daga sama zuwa ƙasa bisa daraja. A ƙololuwar ƙubba Almasihu ne zaune a kan kursiyi. Kewaye da shi akwai manyan mala'iku huɗu, Mika'ilu da Jibrilu da Rafayel da Uriyel, sun sunkuya, hannuwansu a lulluɓe da mayafi. Ƙarƙashinsu annabawa takwas ne, cikinsu da Musa da Dawuda da Iliya da Ishaya da Daniyel. A lungunan kusurwa akwai marubutan Linjila huɗu, sai manzannin Almasihu a rufin hannuwan gicciyen. Lungunan gefe biyu na gabas an ba su ga iyayen Maryamu, Yowakim da Hannatu.

Mala'ikun ƙubba su ne aka fi suka. Gangar jikinsu ta yi tsawo, ƙafafunsu sun gajarta, har ba a iya tantance ko durƙuso suke yi ko tafiya. Sukar tana da tushe, domin mai zanen ya yi kokawa da zoben fili wanda bai ishe shi ba, kuma kokawar ta fito fili. Duk da haka, lanƙwasar jikinsu tana bin lanƙwasar ƙubba, ta sa ido ya riƙa zagayawa maimakon ya tsaya, kuma wannan zagaye shi ne yake kai mai kallo ga rubutun da ke ƙarƙashinsu.

Inda fasahar ta kai matuƙa shi ne rufin yamma, inda zane biyu suke fuskantar juna. A gefe guda haihuwar Almasihu ce: Maryamu tana kishingiɗe a bakin kogo, hannunta a kan jariri naɗe cikin tsumma. A ɗaya gefen rasuwar Maryamu ce: tana kwance a kan gado, manzanni sun kewaye ta, Almasihu kuwa yana tsaye yana ɗaga ranta, wanda aka zana a siffar jariri naɗe cikin tsumma, yana miƙa shi ga mala'iku biyu. Uwa ta riƙe ɗa a farkon rayuwarsa, ɗa ya riƙe uwa a ƙarshen tata. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin rufin sai ya juya kai dama da hagu kafin ya haɗa ma'anar, don haka ginin da kansa ya shiga cikin aikin ba da labarin. Ba a buƙatar yarda da aƙidar da ke cikin zanen kafin a gane ƙwarewar wanda ya tsara shi.

3.1 Sarki a Tsaye, Waziri a Ƙasa

Akwai zane biyu da aka cire daga mazauninsu na asali aka mayar da su sashen da aka ƙara daga baya. A na farko Roja yana tsaye sanye da tufafin sarkin Rum ta Gabas, ya ɗan sunkuyar da kai, Almasihu yana ɗora masa kambi. An rubuta sunansa da haruffan Girkanci, amma kalmar sarki da ta biyo baya ta Latin ce. An kuma zana fuskarsa da kamannin fuskar Almasihu. Don a gane nauyin wannan zane sai a tuna cewa Roja ya samu sarautarsa ne da amincewar Anakletus na Biyu, wanda yake jayayya da Innosent na Biyu a kan kujerar Fafaroma. Innosent bai amince da sarautar ba sai a 1139, bayan da sojojin Roja suka kama shi a fagen fama. Zanen yana cewa kambin daga sama ya zo, babu Fafaroma a tsakani, kuma babu sarkin Rum da ya fi wannan sarki. Hujjar siyasa ce aka gina da gilas da zinariya.

A zane na biyu Jirjis ne kansa, da furfura, ya faɗi rub da ciki a gaban Maryamu. Ita kuwa tana riƙe da takarda mai rubutun Girkanci, inda take roƙon ɗanta ya kiyaye wanda ya gina mata wannan gida tun daga tushe, ya kuma gafarta masa zunubansa. Kai da hannuwan Jirjis ne kawai na asali. Sauran jikin wani mai gyara ne ya sake shi daga baya, ya ɓata shi har ya yi kama da kunkuru a cikin ƙoƙonsa. Amma tsarin zanen bai ɓace ba: mai roƙo, da mai shigar da ƙara, da takarda, da mai yanke hukunci a kusurwar sama. Wannan tsarin diwani ne, aikin da Jirjis ya yi rayuwarsa a cikinsa. Ya nemi gafara ta hanyar da ya san ana neman biyan buƙata a fada. Ernst Kitzinger, wanda littafinsa na 1990 shi ne mafi zurfin nazari a kan mozayik ɗin majami'ar, ya ɗauki zanen biyu a matsayin tagwaye da ya kamata a karanta tare. Idan aka yi haka, za a ga waziri yana bayyana biyayyarsa iri biyu, ga sarkinsa na duniya da ga mai cetonsa na lahira.

4.0 Me Larabcin Yake Cewa?

A gindin ƙubba, tsakanin mala'iku da annabawa, akwai jerin allunan katako da suka zagaye wurin, an rubuta Larabci a kansu da fenti. An gano su ne a lokacin gyaran ƙarni na 19. Rubutun ya fara da ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sa'annan ya kawo waƙar tsarkakewa ta mala'iku wadda asalinta yake a sura ta shida ta littafin Ishaya, ya haɗa da wani yanki na waƙar yabo da ake rerawa a ibadar Rum ta Gabas. Ma'ana, an ba mala'ikun da suke sunkuye a sama muryar da suke yabo da ita, kuma muryar Larabci ce.

Abu uku ne suka fito daga wannan. Na farko, abin da aka rubuta aƙidar Kirista ce tsantsa, har ma ya fara da batun da ya fi raba Kirista da Musulmi. Babu yadda za a karanta shi a matsayin sassauci ga Musulunci. Na biyu, Kiristocin Sham da Falasɗinu da Masar sun daɗe suna fassara littattafansu da addu'o'insu zuwa Larabci ƙarnuka kafin Jirjis, saboda haka abin da ya sa a ƙubbarsa harshen gidansu ne. Na uku, rubutun yana can sama inda da ƙyar ido yake iya tantance haruffansa, wanda hakan yake nuna ba a yi shi don wa'azi ga masu wucewa ba. Ya fi kama da addu'ar da mutum yake yi da harshen da aka rene shi da shi, bayan ya gama magana da jama'a da harshen hukuma.

Larabci yana da wani aiki na biyu a wannan masarauta. Takardar waƙafin majami'ar ta watan Mayu 1143 an rubuta ta da Girkanci da Larabci. Kuɗin Roja na zinariya suna ɗauke da Larabci, haka ma alkyabbarsa ta siliki da ke ajiye a Biyana a yau, wadda aka zana zaki yana danne raƙumi a kanta. Larabci a fadar Palermo alamar cewa sarki ya mallaki harsunan talakawansa duka ne, kamar yadda ya mallaki ƙasarsu. Akwai kuma ginshiƙai a cikin Martorana masu ɗauke da Larabci na ambaton Allah, kamar yadda wani ginshiƙi a ƙofar babbar majami'ar birnin yake ɗauke da aya ta 54 ta Suratul A'araf. Irin wannan dutse yana iya zama shaidar gini da aka rushe kamar yadda yake iya zama shaidar girmamawa.

A nan ne batun ya taɓo nazarin Hausa. Lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, muhawarar da ta biyo baya ta ginu ne a kan zaton cewa harafin Larabci addini ne, alhali abin da aka rubuta Hausa ce mai faɗar ƙimar kuɗi. A ɗaya ɓangaren, 'yan mishan sun buga sassan Linjila da ajami, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da sunan Allah yake kiran Ubangiji. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin Martorana ba. Harafi abin hawa ne, sai an karanta ake sanin kayan da ya ɗauko.

5.0 Shaidar Ibn Jubairu

Ibn Jubairu, mutumin Andalus, yana kan hanyar komawa gida daga aikin hajji jirginsu ya fashe a gaɓar Messina a ƙarshen 1184, zamanin Sarki Wiliyam na Biyu, jikan Roja. Ya shiga majami'ar a ranar Kirsimeti, ya kira ta majami'ar mutumin Antakiya. Ya bayyana bangwayenta na zinariya da allunan marmara masu launi, da tagogin gilas masu ɗaukar ido, da hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye a kan ginshiƙai. Kyawun ya kama shi har ya nemi tsarin Allah daga fitinarsa. Ya kuma lura cewa matan Kirista da suka zo idi suna magana da Larabci, sun yi lulluɓi da siliki, sun sa lalle da turare kamar matan Musulmi.

Wannan yanki na rihlarsa shi ne masu bayanin jituwa suka fi kawowa. Amma marubucin bai tsaya nan ba. Ya ba da labarin cewa an hana Musulmin birnin huɗubar Juma'a, cewa barorin fada suna ɓoye Musuluncinsu, cewa manyan Musulmin tsibirin suna cikin fargabar abin da zai sami zuriyarsu. A Trapani ya ga wani uba yana neman mahajjacin da zai auri 'yarsa ya fita da ita daga ƙasar. Fargabar kuwa ta tabbata. An kashe Musulmi da yawa a Palermo a tarzomar 1161. Daga shekarun 1220 Sarki Farederik na Biyu ya fara kwashe waɗanda suka rage zuwa garin Lucera a kudancin Italiya, aka gama kwashe su a wajajen 1246, sa'annan a 1300 aka watsa wannan mazauni aka sayar da yawancin mutanensa bayi. Tsakanin rubuta Larabci a ƙubbar Jirjis da ƙarewar al'ummar Musulmi a Sisili, kimanin shekara ɗari ne kawai. Ɗaukar rabin shaidar Ibn Jubairu a bar rabi ba adalci ba ne ga shaidan, balle ga mutanen da ya ba da labarinsu.

6.0 Hannuwan da Suka Biyo Baya

A 1282, bayan boren da mutanen Sisili suka yi wa Faransawa, a cikin wannan majami'a ne manyan ƙasar suka taru suka miƙa sarauta ga Bitrus na Uku na Aragon. A farkon shekarun 1430 aka ba da ita ga mata masu zaman zuhudu na gidan da Eloisa Martorana ta kafa a maƙwabtaka a ƙarshen ƙarni na 12. Daga nan sunan mai ginin ya ja baya, na maƙwabciya ya maye gurbinsa. Har alewar almond da ake sarrafawa da siffar 'ya'yan itatuwa a Palermo da sunan wannan gida ake kiranta.

Sababbin masu majami'ar da Latin suke ibada, kuma ɗaki mai kusurwa huɗu bai dace da tsarinsu ba. A 1588 aka rushe bangon yamma, aka rufe farfajiyar da ke gabansa, aka tsawaita ginin har ya haɗe da hasumiya. A shekarun 1680 aka rushe babban lungun gabas tare da mozayik ɗinsa, aka gina ɗakin bagade mai adon marmara a salon Barok. A 1717 Guglielmo Borremans, mai zane ɗan ƙasar Filandas, ya cika rufin sabon sashen da zanen fenti. Girgizar ƙasa ta 1726 ta yi sanadin rasa ƙubbar hasumiya, a tsakiyar ƙarnin kuma aka yi wa majami'ar sabuwar fuska ta ɓangaren dandalin da ake kira Bellini a yau.

Rushe lungun gabas asara ce da ba ta da madadi, domin nan ne duk jerin zanen yake dosa, kuma yanzu ido yana saukowa daga ƙubba ya tarar da wani harshe dabam. Amma zanen Borremans ba abin rainawa ba ne. Gajimarensa da tufafinsa masu kaɗawa suna buɗe rufi su ja ido waje, mozayik kuwa yana rufe ɗaki ya tara haske a ciki. Mai shiga yana ratsa na farko kafin ya isa na biyu, kuma hayaniyar Barok ce take sa a ji shirun zinariyar.

Bayan gwamnatin Italiya ta karɓe gidajen zuhudu a 1866, Giuseppe Patricolo ya jagoranci gyaran majami'ar daga 1870 zuwa 1873, ya ɓamɓare wani ɓangare na adon Barok don ya dawo da abin da ya ɗauka shi ne asali. Shi ne kuma ya gyara San Cataldo da ke jikinta, ya shafa wa ƙubbobinta uku jan launi. Waɗannan jajayen ƙubbobi, da suka zama tambarin Palermo ta Larabawa a idon baƙi, zaɓin ɗan ƙarni na 19 ne. A 1937 aka mayar da Martorana ga tsarin ibadar Gabas, a hannun zuriyar Albaniyawan da suka yi hijira zuwa Sisili a ƙarni na 15 suna gudun Usmaniyawa. Katolika ne masu bin Fafaroma, amma da Girkanci da Albaniyanci suke addu'a. Wannan al'umma mai rai, wadda ita take amfani da ginin, ba ta samu gurbi a sunan da UNESCO ta zaɓa ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Martorana gini ne na mutum guda mai harsuna da yawa da iyayen gida da yawa, wanda ya yi amfani da kowane harshe a inda ya dace da buƙatarsa: Girkanci don jama'a da limamai, kalmar Latin don sarki, Larabci don fada da kuma addu'arsa. Haɗuwar salon Rum ta Gabas da na Arewacin Afirka a cikinta gaskiya ce, kuma ita ce tushen kyawunta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a mayar da haɗuwar salo ta zama shaidar daidaiton mutane, domin tarihin Musulmin Sisili ya ƙaryata hakan. Masu zaman zuhudu sun so majami'ar Latin, suka tsawaita ta. Patricolo ya so ginin Normawa tsantsa, ya kankare ta. Zamaninmu yana son misalin jituwa, ya laƙaba mata suna. Shawarar da ake bai wa mai nazari, ko a Palermo yake ko a gaban takardar ajami a Kano ko Kumasi ko Khartoum, ita ce ya fara karanta abin da aka rubuta, ya binciki wanda ya rubuta da wanda aka rubuta dominsa, kafin ya yanke hukunci a kan siffar harafin.